Mai Neman Magani da Mai Zaman Jinya: Tsokaci a kan Wani Giɓi a Rubuce-rubucen Hausa, da Misali daga Ƙasar Tsanyawa

1.0 Gabatarwa

Kalmar jinya, ko jiyya kamar yadda wasu ke furta ta, tana ɗauke da ma'ana biyu a bakin Bahaushe. Idan aka ce wane yana jinya, ana iya nufin shi ne a kwance. Idan kuwa aka ce wance tana jinyar mijinta, to ita ce a tsaye a kansa. Harshen ya haɗa mutum biyu a cikin kalma ɗaya, tamkar yana shaida cewa doguwar cuta ba ta kama mutum shi kaɗai. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa abin da harshe ya haɗa, rubutu ya raba shi, watau marubuta, na hikaya da na nazari, sun bi sawun wanda ya fita neman magani, sun bar wanda ya zauna a ɗaki yana juya maras lafiya. Za a duba wasu ƙagaggun labarai da wasu littattafan nazari, sa'an nan a auna su da yadda jinyar tsofaffi da masu tsananin ciwo take a karkara irin ta ƙasar Tsanyawa, a arewacin Jihar Kano.

2.0 Jinya a Ƙagaggun Labarai

Ƙagaggen labarin Hausa na boko da cuta ya buɗe ido. Daga cikin littattafan da gasar Hukumar Fassara ta Zariya ta 1933 ta haifar, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam an gina shi ne a kan rashin lafiyar ɗan Sarki. Alhaji Imam ya bar Kwantagora don ya samo ruwan da zai warkar da Yarima, ya kuma wanke Liman daga wulakancin da aka yi masa a fada. Mai karatu yana biye da shi gari gari, yana dariyar karonsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, har ya komo da ruwan bayan shekaru. Amma a duk tsawon shekarun nan akwai wani hannu da yake ɗaga kan Yarima ya ba shi kunu, yake wanke masa tufafi, yake kore masa ƙuda. Labarin bai tsaya a kan mai wannan hannu ba. Yarima ya kwanta a farkon littafi, ya tashi a ƙarshensa, abin da ke tsakani kuwa na matafiyi ne.

Haka al'amarin yake a Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, inda Abubakar ya shiga duniya neman magani, ko da yake nasa na ramuwar gayya ne. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ma, wahalar da aka ba muhimmanci ita ce ta tafiyar uwa a hamada tana neman ɗanta, ta kuma rasu ba da jimawa ba bayan sun sadu. A duk ukun jarunta tana ga mai tafiya.

Sai da mata suka kama alƙalami sosai a shekarun 1980 da 1990 aka fara leƙa cikin ɗaki. A littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, an nuna yadda aka mayar da Rabi ga mijin da ya kore ta, bayan dukiyarsa ta salwanta, nauyinsa ya dawo kanta. Wannan ci gaba ne, domin an gane cewa idan namiji ya faɗi akwai macen da ake ɗora wa ɗaukarsa, ko tana so ko ba ta so. Duk da haka, a galibin littattafan soyayya na Kano cuta hanya ce ta juya labari: a kwantar da mutum a asibiti don a yafe masa, ko don ya bar wasiyya. Jinya ta wata da watanni, mai cinye rumbu da haƙuri, ba safai ake zama a kanta ba.

3.0 Jinya a Littattafan Al'ada da na Nazari

Littattafan da ke bayyana al'adun Hausawa, irin su Zaman Hausawa na Habib Alhassan da abokan aikinsa, na 1982, sukan tsara rayuwar Bahaushe a kan matakai uku: aure, da haihuwa, da mutuwa. A babin haihuwa akan kawo aikin ungozoma, da wankan jego na kwana arba'in, da kunun kanwa, da suna. A babin mutuwa akan kawo wanka, da likkafani, da zaman makoki, da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, da takaba. Wannan tsari ya kama abin da ke da biki ko taro. Jinya kuwa ba ta da ranar farawa, ba a yi mata gayya, ba a raba mata goro, saboda haka sai ta sulluɓe tsakanin babi da babi.

Masu nazarin magani kuma sun fi karkata ga mai ba da magani. Littafin L. Lewis Wall mai suna Hausa Medicine, na 1988, wanda ya samo asali daga zaman da ya yi a karkarar arewacin Nijeriya cikin shekarun 1970, ya yi kyakkyawan aiki wajen fayyace ma'anar lafiya a tunanin Bahaushe, da rabe-raben cututtuka, da matsayin boka da ɗan bori da malami da wanzami. Isma'il Abdalla, a littafinsa na 1997, ya bi diddigin ilimin ɗibbu a rubuce-rubucen malaman jihadi, musamman Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Aliyu Muhammad Bunza ya yi zurfi a kan magungunan malaman tsibbu a kundin digirinsa na uku na Jami'ar Bayero, na 1995. Waɗannan ayyuka ne masu daraja, kuma ba za a ɗora musu laifin rashin yin abin da ba su ɗauki alkawarinsa ba. Sai dai idan aka jera su wuri ɗaya, za a ga cewa masu sana'a sun sami marubuta, mai jinya kuwa, wadda ba ta da sana'a a wannan fage, ba ta da lada sai ta Allah, ba ta samu ba.

Murray Last, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Malumfashi, shi ya fi kusantar ƙofar ɗakin. A maƙalarsa ta 1981 ya nuna cewa talaka ba ya riƙe da wani tsararren ilimin magani guda ɗaya, yakan gwada wannan ya gwada wancan, bai kuma damu da sanin dalilin aikin kowanne ba. Wannan magana ta dace da abin da ake gani a gefen shimfiɗar maras lafiya, inda ƙwaryar rubutu da jiƙon sabara da ƙwayoyin kemis sukan zauna tare ba tare da gardama ba. Wani littafin da ya cancanci ambato shi ne labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, aka buga a 1954. Baba ba ta haihu ba, amma ta yi riƙon 'ya'yan dangi, labarinta kuwa yana nuna yadda riƙo yake zama tanadin mace don ranar tsufa. Abin lura shi ne, da aka bar mace ta yi magana da bakinta, nan da nan zancen wa zai riƙe wa ya fito fili.

Abin mamaki, littattafan fiƙihu da ake karantawa a zaure sun fi na boko kula da mai kwanciya. Ahalari ya yi bayanin taimama da yadda maras lafiya zai yi salla a zaune ko a kishingiɗe. Risala ta Ibn Abi Zaid ta keɓe babi a kan abin da ake yi wa wanda ya zo gargara, da wani a kan neman magani da tofi. Aya ta 23 da ta 24 na Suratul Isra'i kuwa sun ambaci tsufan iyaye a hannun 'ya'yansu ƙarara, sun hana ko da nuna ƙosawa. Ashe umarnin yana nan a rubuce, abin da ba a rubuta ba shi ne yadda ake cika shi a gidan da ba shi da ƙarfi.

4.0 Ma'auni: Ƙasar Tsanyawa

Tsanyawa tana gaba da Bichi a kan hanyar Kano zuwa Katsina, tana iyaka da Jihar Katsina. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum 157,680 a faɗin murabba'in kilomita 492, watau sama da mutum 300 a kowane murabba'in kilomita. Garuruwanta sun haɗa da 'Yankamaye, da Dumbulum, da Gurun, da Kabagiwa, da Tatsan, da Daddarawa. Ƙasa ce ta gero da dawa da gyaɗa da wake, gona na jingine da gona, irin yanayin da Michael Mortimore ya bayyana a nazarinsa na cunkoson karkarar Kano tun shekarun 1960. A irin wannan wuri tsoho a gida yake kwanciya, a gida kuma galibi yake cikawa. Ko a cikin birni haka abin yake: da Ministan Lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya ba da rahoton mace-macen da aka yi a Kano a watan Afrilu na 2020, ya ambaci mutum 979, akasarinsu tsofaffi, fiye da rabinsu kuma a gida suka rasu. Idan haka ta faru a garin da ke da Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, to ba sai an faɗi yadda take a ƙauyen da sai an hau babur kafin a kai bakin titi ba.

4.1 Wane ne ke Jinya?

Amsar da aka saba bayarwa ita ce dangi. Amsa ce mai daɗin ji, amma ta rufe ainihin zancen, domin kunya ta riga ta raba aikin tun kafin ciwo ya zo. Matar ɗa tana dafa wa surukinta abinci, tana wanke masa kwano, amma tsakaninsu akwai kunyar da ba ta bari ta ga tsiraicinsa. Ɗan fari, wanda uwa ba ta ko kiran sunansa, yakan ɗauki nauyin kuɗi, amma da wuya uwar ta saki jiki ya ɗaga ta zuwa bayan gida. 'Ya mace, wadda ita ta fi dacewa da jinyar uwa, tana gidan mijinta a wani gari, zuwanta kuma sai da izni, zamanta na ƙidayayyun kwanaki ne. Idan tsoho yana da mata, to nauyin nata ne dare da rana, alhali ita ma sau da yawa tsohuwa ce mai ciwon gwiwa. Idan tsohuwa ce a kwance, mijinta ya rasu, akan waiwayi bazawarar da ke gida, ko kuma jika.

Jika ita ce mafita, saboda wasan da ke tsakanin kaka da jika ya ɗauke kunyar da ta ɗaure sauran. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu tana iya tsokanar kakarta tana yi mata wanka, babu mai jin nauyi. Amma wannan sauƙi yana da farashi, kuma yarinyar ce ke biya da karatunta. Ga shi an yi rubutu mai yawa a kan kunya, an yi a kan wasan kakanni da jikoki, ba a kuwa cika haɗa su da jinya ba, alhali a nan ne aikinsu ya fi bayyana.

Bugu da ƙari, gandu, wanda shi ne tsohon tanadin manomi don tsufansa, ya yi rauni. Polly Hill ta nuna a nazarinta na Batagarawa, na 1972, da na Ɗorayi, na 1977, yadda zaman ɗa a gandun uba ya dogara ga wadatar gona. Inda gado ya yayyanka gona har ta kasa ciyar da gida, 'ya'ya maza sukan tafi cin rani Kano ko Legas ko Abuja. Suna aiko da kuɗi ta waya, kuɗi kuwa yana sayen magani, amma ba ya juya wanda ɓarin jikinsa ya shanye.

4.2 Aikin Kansa

Da marubuci zai zauna a ɗakin jinya yini ɗaya, da ya ga cewa aiki ne mai ilimi, wanda kuskure a cikinsa yake kisa. Wanda hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki yana bukatar a juya shi kamar kowace awa biyu, in ba haka ba fatar ƙugu da ta duddugen ƙafa takan mutu saboda danniya, ta zama gyambon kwanciya, wanda fitsari da zafi ke zurfafawa. Ledar da akan shimfiɗa don kare katifa tana tara gumi, sai an ɗora mata zane mai tsotse ruwa ana kuma canja shi. Maƙogwaron irin wannan majinyaci sau da yawa ba ya haɗiya daidai, saboda haka ɗura masa ruwa yana kwance yakan sa ya ƙware, abin ya gangara huhu ya zama ciwo. Zaunar da shi a ba shi kunu mai kauri da cokali, kaɗan kaɗan, ya fi aminci. Kaskon wutar da ake kai wa tsoho da hunturu yana iya ƙona ƙafar da ba ta ji, hayaƙinsa kuma a rufaffen ɗaki illa ne. Mai ciwon suga, tsaga ko sakiya a ƙafarsa tana iya zama mafarin rasa ƙafar. Mai tarin fuka yana bukatar shan magani wata shida ba fashi, da ɗaki mai shigar iska, don kada jikar da ke kwana da shi ta ɗauka. Maganin hawan jini ba a barinsa don an ji sauƙi. Ƙwayoyin kashe ciwon gaɓɓai da ake saye a kemis, idan aka daɗe ana sha, suna cin ciki suna taɓa ƙoda.

Akwai kuma gigin tsufa, inda tsohuwa take manta sunan 'ya'yanta, ta fita da dare, ta zargi mai yi mata hidima da sata. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa, amma inda ba a san haka ba akan fassara ta da iska ko sammu, wani lokaci ma a jefi tsohuwar da maita. Mai jinya tana haɗiye duk wannan, sana'arta ta ƙuli-ƙuli ko fura ta tsaya, zubin adashinta ya karye, bayanta ya riƙe. Masu dubiya suna shigowa su ce yaya mai jiki, a ce da sauƙi, ko da kuwa babu sauƙin. Kalmar ladabi ce da tawakkali, sai dai ita ce kuma labulen da ya hana a san halin da ɗakin yake ciki.

4.3 Aljihu da Hukuma

Kimanin kashi 70 cikin 100, ko fiye, na abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun mutane yake fitowa. A gidan manomi akuya ce ke fara tafiya kasuwa, sai hatsin rumbu, daga nan a jinginar da gona. Hukuma kuwa ta sha ɗaukar alkawari. Taron Alma Ata na 1978 ya ce a kai lafiya inda mutane suke zaune. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya gina tsarin lafiya matakin farko a kan ƙananan hukumomi, aka kuma horar da ma'aikatan lafiya na karkara da nufin su riƙa ziyarar gidaje. Jihar Kano ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya da dokar 2016. An sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018. Yaƙin shan inna, wanda ya kai ga ayyana Nijeriya ta rabu da cutar ta daji a 2020, ya tabbatar da cewa ana iya aika mata ma'aikata su shiga kowane gida a kowane ƙauye. Hanyar da aka bi aka kai wa jariri ɗigo, ita ce za a bi a koya wa mai jinya juyi da ciyarwa. A Yuganda, tun daga 1993, ƙungiyar da Dokta Anne Merriman ta kafa ta nuna cewa ana iya kai maganin kashe raɗaɗi mai arha har gida ga wanda ciwonsa ba ya warkewa. Amma hukuma ba ta tanadi ga abin da ba a ambata ba, a nan ne kuwa shirun marubuta yake zama hasara ta zahiri.

5.0 Hanzari da Amsarsa

Mai kare marubuta yana da hanzari uku. Na farko, Abubakar Imam labarin ban dariya da kasada ya nufa, jinya kuwa maimaici ce, yau kamar jiya, ba ta da abin da zai riƙe mai karatu. Na biyu, manazarta na farko galibinsu maza ne, wasu ma baƙi, iyakarsu zaure. Na uku, Bahaushe yana ganin hidimar iyaye ibada ce, bayyana wahalarta kuwa kamar gori ne mai zubar da lada.

Hanzari na biyu gaskiya ne, amma lokacinsa ya wuce, domin yanzu sassan Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina cike suke da ɗalibai mata, waɗanda da yawansu sun yi jinyar da hannunsu. Na farko kuwa ba ya tsayuwa idan aka duba da kyau. A ɗakin jinya ne ake gane ɗan da ya aiko kuɗi da wanda ya aiko gaisuwa, a nan kishiyoyi suke rabon kwanan da babu mai so, a nan ake fara raɗar gado mai shi yana numfashi. Marubucin da bai sami labari a nan ba, ba zai same shi a bayan duwatsu ba. Na uku shi ya fi nauyi, kuma ya kamata a girmama shi. Amma akwai bambanci tsakanin mutum ya yi gorin abin da ya yi wa uwarsa, da al'umma ta san abin da take ɗora wa 'ya'yanta mata. Yawan faɗin cewa Bahaushe ba ya yar da tsohonsa ya zama abin fakewa, alhali gidan gajiyayyu na Shahuci a Kano, da tsofaffin da ke bara a bakin masallatai, suna shaida cewa zumunci yakan gaza.

6.0 Kammalawa

An nuna cewa hikaya ta bi matafiyi, nazari ya bi mai sana'a, littafin al'ada ya bi biki, mai jinya ta faɗa tsakani. Aikin da ke gaban masu nazarin harshe da al'ada a bayyane yake. Akwai bukatar tattara kalmomin ɗakin jinya daga bakin tsofaffin mata na wurare irin su Tsanyawa: sunayen abincin maras lafiya, da matakan ciwo tun daga kwanciya har gargara, da maganganun dubiya da na lallashi, da dabarun da aka gada na ɗagawa da wankewa, a kuma bambance mai amfani da mai cutarwa tare da ma'aikatan lafiya. Akwai bukatar ƙaramin littafi da Hausa mai sauƙi, a boko da ajami, da shirye-shiryen rediyo, domin rediyo yana shiga ɗakin da littafi ba ya shiga. Marubutan hikaya kuma suna da bashin da suka gada tun 1934: an ji labarin wanda ya ɗebo ruwan Bagaja, saura na wadda ta riƙe Yarima da rai har ruwan ya iso.